Darasi na 24: Wane dinozor ne ya fi kyau?

1. Tsarabar Kawu

Auta ɗan ajin CM1 ne a wata lakwal ta Maraɗi. Kawunsa direban babbar mota ne, yana zuwa Kwatano ɗauko kaya. Duk sa'ad da ya dawo, yakan kawo wa Auta tsaraba. Ya san abin da yaron yake so: ƴan dabbobin roba da ake samu cikin kayan gwanjo, waɗanda ake kira dinozor. Yanzu Auta yana da guda bakwai, yana ajiye su cikin kwalin sabulu.

A cikinsu akwai wani siriri, mai ruwan ƙasa, mai dogon baki. Fentinsa ya fara gogewa. Auta bai damu da shi sosai ba.

Ran nan, lokacin shan iska, abokinsa ya fito da wani ƙaton dinozor ja. Yana tsaye kamar mutum, baki buɗe, wutsiya tana jan ƙasa. Yara suka kewaye shi.

Abokin ya ce: «Auta, mu yi musaya. Ka ba ni mai dogon bakin nan, ka ƙara mini dala ashirin, in ba ka wannan.»

Dala ashirin ɗin nan su ne duk abin da ke cikin asusun Auta. Da ya koma gida sai ya gaya wa yayarsa, wadda take kwaleji.

Ya ce: «Yaya, gobe zan fasa asusuna.»

Ta ce: «Kada ka yi gaggawa, Auta. Mai sayen akuya yakan duba haƙoranta da ƙafafunta kafin ya biya. Kai me ka duba? Ku kai su duka wajen Malam.»

2. Mene ne dinozor?

Kashegari Malam ya jera dabbobin a kan tebur. Ya ce: «Yara, kafin a auna hoto, sai an san mai hoton.»

Dinozor dabbobi ne da suka rayu a doron ƙasa tun da daɗewa ƙwarai. Manyansu sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Babu mutumin da ya taɓa ganin su da rai. Ana sanin su ne ta ƙasusuwansu, da haƙoransu, da ƙwansu, da sawun ƙafafunsu, waɗanda suka zama dutse. Wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya ba su wannan suna a shekarar 1842.

Wasu dinozor ganye suke ci, wasu kuma nama. Masu cin nama suna tafiya da ƙafa biyu. Kowace ƙafa tana da manyan yatsu uku masu kallon gaba. Wanda ya duba ƙafar kaza zai ga kamanninta, domin tsuntsaye daga zuriyar waɗannan masu cin nama suka fito.

Malam ya ware biyu daga cikin kwalin Auta. Ɗaya yana da fukafukai na fata. Ɗaya kuma yana da ƙafa huɗu, da wani abu tsaye a bayansa kamar faifai.

Ya ce: «Waɗannan biyu ba dinozor ba ne, ko da yake ana sayar da su a buhu ɗaya. Mai fukafukai sunansa Pteranodon, ya yi zamani da dinozor. Mai faifai sunansa Dimetrodon, shi ya ƙare tun kafin dinozor su bayyana.»

3. Abubuwa biyar da ake dubawa

Malam ya juya ƙaton jan nan. A cikinsa an rubuta Tyrannosaurus rex, wato Tiranozor. Ya ce masu tara irin waɗannan kayan wasa sukan fara karanta cikin dabbar, domin a nan masu ƙerawa suke rubuta suna, wani lokaci har da shekara. Daga nan ya rubuta abu biyar a allo.

Na farko, tsayuwa. Dinozor mai cin nama ba ya tsayawa kamar mutum. Bayansa a kwance yake, kai a gaba, wutsiya a miƙe a baya, ba ta taɓa ƙasa. Jikinsa kamar sikeli yake: kai da ƙirji a gefe ɗaya, wutsiya a ɗaya gefen, ƙafafu a tsakiya. An sami dubban sawun dinozor a kan duwatsu, amma da wuya a ga alamar jan wutsiya tsakaninsu.

Na biyu, yatsun hannu. Sai a ƙirga su. Tiranozor yana da ƴan gajerun hannuwa, kowane da yatsa biyu tak. Alozor da Belosiraptor suna da uku-uku.

Na uku, tafin hannu. Tafukan biyu suna kallon juna, kamar mai shirin yin tafi. Ba sa kallon ƙasa kamar mai kiɗan ƙwarya. Ƙasusuwan hannunsu ba sa juyawa haka.

Na huɗu, kai da haƙora. Kowane iri da nasa. Tiranozor yana da faffaɗan kai da haƙora masu kauri, na fasa ƙashi. Masu cin kifi suna da siririn baki da haƙora masu tsini, irin na kada.

Na biyar, suturar jiki. Wasu suna da fata mai kaushi, wasu kuma suna da gashi irin na tsuntsu. Belosiraptor na ƙasar Mongoliya yana cikin masu gashi. A shekarar 2007 masana sun ga alamun gindin gashin fukafuki a jikin ƙashin hannunsa. Fim ɗin Jurassic Park na 1993 ya nuna shi babba kuma ba gashi, masu ƙera kayan wasa da yawa suka bi fim ɗin.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta ce: «Malam, launi fa? Akwai jan dinozor?»

Malam ya ce: «Tambaya mai kyau. Ƙashi ba ya nuna launin fata. Don haka ba a kama mai ƙerawa da laifi a kan launi. Amma yatsu ana iya ƙirga su.»

Yara suka duba ƙaton jan. Yana tsaye kamar mutum. Wutsiya a ƙasa. Yatsu uku a kowane hannu. Tafuka suna kallon ƙasa. Kai da haƙora sun yi daidai, fata ma ba laifi. Ya sami 2 bisa 5.

4. Girma

Abokin Auta bai ji daɗi ba. Ya ce: «Amma Malam, nawa ya fi na kowa girma!»

Malam ya ce: «Gaskiya ne. To, bari mu ga abin da girman yake nufi.»

Masu ƙera kayan wasa na ƙwarai sukan rage dabbobin duka da adadi ɗaya. Idan an rubuta 1/40, ana nufin santimetir 1 na roba yana madadin santimetir 40 na dabbar gaskiya. Tsawon Tiranozor daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya wajen metir 12 ne, wato santimetir 1200. In an raba da 40, za a sami santimetir 30. Belosiraptor wajen metir 2 ne kawai, har da doguwar wutsiyarsa. Nasa na roba zai zama santimetir 5. Mutum mai tsayin metir 1,60 zai zama santimetir 4.

Auta ya ɗauko nasa Belosiraptor, ya ajiye kusa da nasa Tiranozor. Girmansu ɗaya. Ya gane ba da ma'auni ɗaya aka yi su ba. Wanda ya gan su tare zai zaci sa'o'in juna ne, alhali ɗaya bai wuce talotalo mai doguwar wutsiya ba, ɗayan kuwa nauyinsa ya kai na giwa, har ya fi.

5. Mai dogon baki

A ƙarshe Malam ya ɗauki siririn nan mai ruwan ƙasa. Bayansa a kwance. Wutsiya a sama. Yatsu uku, na farko da ƙatuwar akaifa mai lanƙwasa. Tafuka suna kallon juna. Baki dogo kamar na kada. Fata mai kaushi. Ya sami 5 bisa 5.

Malam ya juya shi, ya ce: «Auta, karanta.»

Auta ya karanta a hankali: «Su-cho-mi-mus.»

Malam ya ce: «Ana faɗi Sukomimus. Ma'anarsa mai kama da kada. Cikakken sunansa Suchomimus tenerensis. Wace kalma kuka ji a ciki?»

Yara suka ce: «Tenere!»

Malam ya ce: «Madalla. Wannan ɗan ƙasarmu ne.»

An tono ƙasusuwan Sukomimus a Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, a shekarar 1997. Ayarin wani masani ɗan Amurka mai suna Paul Sereno ne ya same su, aka sanar da sunan a 1998. Tsawonsa wajen metir 11 ne. Yana da haƙora fiye da ɗari. Ya rayu fiye da shekara miliyan 110 da suka wuce. A lokacin, inda yau sai rairayi, akwai manyan koguna da itatuwa. Sukomimus yana kama kifi a bakin ruwa da dogon bakinsa da akaifunsa. Bai taɓa haɗuwa da Tiranozor ba, domin Tiranozor a Amurka ta Arewa ya rayu, kuma fiye da shekara miliyan 40 bayansa.

Ba shi kaɗai aka samu a Nijar ba. Akwai Afrobenator, wani mai cin nama, mai tsawon wajen metir 8, da aka sa wa suna a 1994. Akwai Uranozor, mai cin ganye, wanda wani masani ɗan Faransa, Philippe Taquet, ya sa wa suna a 1976. Wanda ya je Yamai zai iya ganin ƙasusuwan dinozor a gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama. Irin waɗannan ƙasusuwa dukiyar ƙasa ne. Wanda ya gan su a daji ya bar su inda suke, ya sanar da hukuma.

6. Shawarar Auta

Auta ya rungume mai dogon bakinsa. Ya ce wa abokinsa: «Ka yi haƙuri, na fasa musaya.»

Abokin ya sunkuyar da kai. Ya ce: «Ke nan nawa na shara ne, Malam?»

Malam ya ce: «A'a, ɗana. Naka ma yana da abin koyarwa. An sa wa Tiranozor suna a 1905. Shekaru da yawa masana suna zana shi a tsaye, wutsiya a ƙasa, har suka taɓa yi masa yatsu uku. Da aka sami ƙarin ƙasusuwa, aka sake nazari, sai suka gyara. Naka yana nuna abin da aka zata a da. Haka ya faru da Spinozor, ɗan'uwan Sukomimus. A 2014 an nuna ƙafafunsa na baya gajeru ne. A 2020 aka nuna wutsiyarsa mai faɗi ce, irin ta iyo. Na roba da aka ƙera kafin nan duk sun zama tsohon yayi. Shi ya sa ake karanta shekara.»

Yara suka yi shawara su buɗe ƙaramin gidan tarihi a kusurwar aji. Suka yi layi biyu. A kan na farko suka rubuta «Sanin da». A kan na biyu suka rubuta «Sanin yau». Ƙaton ja ya shugabanci layin farko. Mai dogon baki ya shugabanci na biyu. Asusun Auta kuwa yana nan bai fashe ba.

Kalmomi

musaya: a ba da abu a karɓi wani (échange)
akaifa: farce mai kaifi (griffe)
sawu: alamar ƙafa a ƙasa (empreinte)
ƙashin da ya zama dutse (fossile)
mai cin nama (carnivore)
gidan tarihi (musée)

Tambayoyi

1. Me abokin Auta ya nema a musayar?
2. Wane misali yayar Auta ta ba shi? Me take nufi?
3. Ta yaya ake sanin kamannin dinozor?
4. Ku faɗi kurakurai uku da aka samu a jikin ƙaton jan.
5. Don me ba a kama mai ƙerawa da laifi a kan launi?
6. Ina aka tono Sukomimus? Me yake ci?
7. Don me Malam ya ce ƙaton jan ba na shara ba ne?

Lissafi

1. Tsawon Afrobenator metir 8 ne. Santimetir nawa na roba zai yi a ma'aunin 1/40?
2. Ku auna metir 11 a filin lakwal da igiya. Yara nawa za su kwanta a jere kafin su kai tsawon Sukomimus?

Aiki

Ku gina Sukomimus da yumɓu. Ku sa kara a ciki don wutsiya ta tsaya a miƙe. Idan ya bushe, ku ba maƙwabcinku ya auna shi da abubuwa biyar na allo. Kowa ya yi wa nasa takarda mai ɗauke da suna, da tsawo, da ƙasa, da abinci.

Masu na roba su ajiye su a inuwa, domin rana tana cin fenti, tana lanƙwasa ƙafafu. Kada a bar ƙananan a hannun jarirai, suna iya sa su a baki.

Abin riƙewa

Dinozor na wasa mai kyau shi ne wanda ya yi daidai da ƙasusuwan da aka tono. Kafin a saya ko a yi musaya, a karanta suna da shekara, a duba tsayuwa, da yatsu, da tafuka, da kai, da suturar jiki.