Darasin Kiwon Lafiya: Tausar Ciki Irin Ta Mutanen Sin

Wane ne a cikinmu bai taɓa cin wake da dare ya kwana da ciki a kumbure ba? To, ga wata dabara ta mutanen ƙasar Sin wadda ba ta bukatar ƙwaya ko allura, sai yatsu kaɗai.

Sinawa sun daɗe suna danna waɗansu wurare na jiki don neman sauƙi. Tushen wannan ilmi yana cikin tsohon littafinsu na magani, Huangdi Neijing, wanda ya fi shekara 2,000. Su a ganinsu akwai hanyoyi a jiki da ƙarfin rai yake bi. Likitocin zamani sun bincika jikin mutum ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Amma sun ga tausar ciki takan taimaki waɗansu masu taurin bayan gida, takan kuma kwantar da jiki.

Ga yadda ake yi. Ka bari sai abinci ya faɗa maka. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwashe gwiwoyi don ciki ya saki.

1. Tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, daidai tsakiya, akwai wurin da suke kira Zhongwan. Sa yatsu uku ka danna a hankali, kana murzawa har minti 1.

2. Auna faɗin yatsu uku daga cibiya zuwa dama, haka kuma zuwa hagu. Sunan wuraren nan biyu Tianshu. Danna su tare, minti 1.

3. Sa tafin hannu a ƙasan ciki wajen dama, ka shafo sama zuwa haƙarƙari, ka ƙetara hagu, sa'an nan ka gangara. Dalili kuwa, babban hanji, mai tsawon kamar ƙafa 5, nan ya bi. Watau kana kora abin da ke ciki ne zuwa mafita.

Duk lokacin nan ka riƙa jan numfashi a hankali. In ka ji zafi, ka daina.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci gare mu. Gobe za a tura mu ƙauyuka, wani wurin ma asibiti da nisa, yaro kuwa zai zo ya ce, "Malam, cikina yana ciwo." Ba kowane ciwon ciki ake tausawa ba. In ciwon ya fara wajen cibiya, ya koma ƙasan ciki ta dama, ga zazzaɓi, ga amai, mai yiwuwa afendis ne. Wannan in an yi jinkiri yakan fashe, har rai ya salwanta. Kada a danna, kada a ba shi maganin wankin ciki, a kai shi asibiti nan da nan. Haka nan in ciki ya yi tauri kamar katako, ko an ga jini a bayan gida. Mace mai juna biyu, da mai ƙaba, da wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan, su ma kada su yi.

In kuwa kumburi ne kawai, malami ya nuna a kan nasa cikin, yaro ya yi wa kansa.

Tambayoyi: Don me ake fara shafawa daga dama? Waɗanne alamu ne za su sa ka rufe aji ka nemi mota?