Me Ya Sa Mu Ke Mantuwa?

Dukanmu mun taɓa zama inda a ke sasanta tsakanin 'yan'uwa biyu. A ce rancen dawa ne na bara waccan. Wannan ya ce dami goma ya bayar, wancan ya ce takwas ya karɓa, kowa kuwa ya kafe, har jijiyar wuya ta tashi. Mu da ke zaune sai mu ce a ranmu, lalle ɗayansu ƙarya ya ke yi. To, ba kullum ba ne. Ya yiwu dukansu biyu abin da suka tuna su ke faɗi, da zuciya ɗaya. Domin mu gane yadda wannan ke yiwuwa, bari mu duba abin da masu binciken tunanin ɗan Adam suka gano a kan tunawa da mantuwa.

Wanda ya fara auna mantuwa da lissafi wani Bajamushe ne, Hermann Ebbinghaus. Kansa ya yi ta gwadawa. Ya ƙaga 'yan gaɓoɓi marasa ma'ana, ya jera su, ya haddace, ya bari lokaci ya wuce, sa'an nan ya sake koyonsu, yana lura da yawan wahalar da koyon farko ya rage masa. A 1885 ya buga abin da ya samu. Bayan minti 20, amfanin koyon da ya saura kashi 58 ne cikin 100. Bayan awa ɗaya 44, bayan kwana ɗaya wajen 34, bayan wata guda 21. Watau mafi yawan hasarar a sa'ar farko ta ke, kamar ruwan sama a kan fako. Abin da ya kwana kuwa ya kan daɗe. Ya kuma ga cewa maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya yi aikin maimaici 68 na zama ɗaya. Masu koya wa yara haddar ayoyi su lura da wannan, gama kaɗan kaɗan kullum ya fi cushe na daren Asabar.

Amma ina abin ya ke tafiya? A 1968 waɗansu masana biyu a Amurka, Atkinson da Shiffrin, suka kawo kwatanci, suka ce ma'ajiyar tunani kashi uku ce. Mu misalta ta da gida. Da fari akwai bakin ƙofa, watau ido da kunne, inda kome ke wucewa ya ɓace nan da nan, sai wanda muka mai da hankali a kansa. Shi ne ke shiga zaure. Zauren nan ƙanƙane ne ƙwarai. George Miller ya ce a 1956 abu bakwai ya ke ɗauka, ko sama da haka da biyu, ko ƙasa da biyu. A 2001 Nelson Cowan ya ce abin bai wuce wajen huɗu ba. Baƙon zaure kuma ba ya daɗewa. A 1959 wani mutum da matarsa, Lloyd da Margaret Peterson, suka riƙa ba ɗalibai baƙaƙe uku, su sa su ƙidaya baya baya da uku uku domin kada su maimaita a zuci. Bayan daƙiƙa 18, da ƙyar a ke tuna ɗaya cikin goma. Daga zaure sai rumbu, inda ajiya ke shekaru.

Ashe da yawa cikin abin da mu ke kira mantuwa bai taɓa kaiwa rumbu ba. An faɗa mana sunan baƙo sa'ad da hankalinmu ke kan gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina labari. Kafin a gama, sunan ya fita ta inda ya shigo.

Akwai mutum ɗaya da ya nuna wa duniya cewa ƙofa ce ta gaske ke tsakanin zaure da rumbu. Henry Molaison, Ba'amurke, farfaɗiya ta dame shi, sai a 1953 likita ya yanke masa wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, wanda a ke kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ran nan ba ya iya ajiye sabon labari. Ya kan yi taɗi da kai sarai, ka fita, ka komo bayan 'yan mintoci, ya gaishe ka kamar bai taɓa ganinka ba. Haka ya zauna har mutuwarsa a 2008.

Abin da ya shiga rumbu ma, sabon kaya ya kan danne shi. A 1924 Jenkins da Dallenbach suka sa ɗalibai biyu hadda, wani lokaci su kwanta barci, wani lokaci su shiga hidimar yini. Bayan awa takwas, haddar da barci ya biyo bayanta ta fi zama. Yanzu an sani barcin kansa yana taimakon ƙwaƙwalwa ta kafa abin da aka koya. Wani lokaci kuma abin yana nan, hanyar zuwa gare shi ce ta ɓace, mu ce, "Ga shi nan a bakina!" A 1975 Godden da Baddeley suka koya wa masu ninƙaya kalmomi, waɗansu a ƙarƙashin ruwa, waɗansu a tudu, suka tarar mutum ya fi tunawa a wurin da ya koya. Shi ya sa idan mun manta abin da muka fito ɗauka, komawa ɗaki ya kan dawo mana da shi.

Duk wannan da sauƙi, gama wanda ya manta ya san ya manta. Mantuwar da ta fi ba mu tsoro ita ce wadda ke zuwa da kamar tunawa. A nan misalin rumbu ya gaza. Dawar da ka zuba a rumbu, ko ƙwari sun ci, dawa za ka ɗebo, ba gero ba. Tunani ba haka ya ke ba.

Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij a Ingila ya ba mutane wata tatsuniyar 'yan asalin Amurka ta Arewa, mai zancen yaƙi da fatalwa, suka karanta, ya riƙa sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. A littafinsa na 1932 ya nuna yadda labarin ya yi ta gajarcewa. Abin da ya zama musu baƙo suka zubar, ko suka sāke shi ya dace da abin da suka saba: farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, kwalekwale ya koma jirgi irin nasu. Ba su kuwa san sun sāke kome ba. Bartlett ya ce duk sa'ad da muka tuna abu, sāke gina shi mu ke yi, inda bulo ya kasa kuma mu cike da abin da mu ke tsammani.

Har tambaya ma tana iya shiga cikin ginin. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hoton majigi na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka ce musu "sa'ad da suka ragargaji juna" suka ce wajen mil 41 a awa. Waɗanda aka ce musu "sa'ad da suka bugi juna" suka ce mil 34. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 na farko 16 suka ce sun gani, cikin 50 na biyu 7 kaɗai. Babu gilashi ko kaɗan a hoton. Kalma ɗaya ce ta dasa shi.

Mu koma wurin masu rancen dawa. Mai dami goma ya ba da labarin nan ga matarsa, ga maƙwabcinsa, ga kansa da dare, kowane faɗi kuwa ya ƙara masa tabbaci, ko da shi ke bai ƙara masa gaskiya ba. Haka mai dami takwas. Ƙarfin muryar mutum ba ya nuna mana wanda ya tuna daidai, mu kuwa mun sha kiran mutumin kirki maƙaryaci a kan wannan. Saboda haka dattijon da ke sasantawa kada ya ce wa shaida, "Ba dami goma ya ba shi ba?" Sai ya ce, "Faɗa mana abin da ka gani," ya yi shiru. A ji shaidu ɗaya ɗaya, kafin su haɗu su daidaita bakinsu ba da saninsu ba. Rance kuma a rubuta shi ran da aka bayar, a karanta a gaban su biyun, kowa ya tafi da takardarsa.