Ƙwaron Kuɓewa Mai Tsalle: Kamanninsa da Rukuninsa

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya karanci Hausa wata rana za a miƙo masa takardar malaman gona a ce ya fassara wa manoma. A wannan taƙaitaccen rubutu zan ɗauki ƙwaro ɗaya domin in nuna cewa sai an san abu kafin a raɗa masa suna. Turawa sun jingina sunansa da ƙuma saboda tsallensa, alhali shi ba ƙuma ba ne.

Yadda Ake Gane Shi

1. Ƙarami ne, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.
2. Fikafikansa na sama suna da tauri da sheƙi, irin na buzuzu. Ƙuma kuwa ba ta da fiffike.
3. Cinyoyin ƙafafunsa na baya sun fi sauran kauri ƙwarai. Da su yake tsalle da zarar an taɓa ganyen. Wannan ita ce babbar alama.
4. Ganye yake ci, ba jini yake sha ba. Yakan bar ƙananan huji birjik, har ganye ya koma kamar rariya.

Rukuninsa

Masana sun sa shi a babban rukunin Coleoptera, wato ƙwari masu taurin fiffike, inda buzuzu yake. A ciki akwai dangin Chrysomelidae, maciya ganye, sannan reshen Alticini, masu tsalle. Ita ƙuma rukuninta daban ne, Siphonaptera.

A Nijeriya iri biyu ne suka fi damun kuɓewa. Podagrica uniforma ruwan ƙasa ne mai haske, shi kuwa Podagrica sjostedti fikafikansa baƙaƙe ne masu sirkin shuɗi. Sukan kuma faɗa wa rama da yakuwa. Tsutsotsinsu a cikin ƙasa suke, suna cin saiwa. Bayan hujin ganye, ƙwarin suna yaɗa cutar da ke sa ganyen kuɓewa dabbare-dabbare.

Kammalawa

Idan mai fassara ya rubuta "ƙuma", manomi zai nufi jikin kare ko akurkin kaji, ya bar gonarsa ana ci. A ganina "ƙwaron ganye mai tsalle" ya fi dacewa, domin ya faɗi abincinsa, ya kuma faɗi alamarsa. Wanda ya ji wani suna a bakin manoma, ina roƙon ya rubuto wa wannan mujalla mu ƙaru.