Amsar Tambaya: Gwada Saurin Fitar da Bidiyo

Tambaya: Ina tace bidiyon biki. Kwamfutar abokina mai katin Nvidia ta riga tawa mai Intel fitar da aiki. Tasa ce ta fi?

Amsa: Ba lallai ba ne. NVENC na Nvidia da Quick Sync na Intel ɓangarori ne na musamman da ke matse bidiyo. Gyaran launi da rage dishi-dishin hoto wani sashe ke yin su. Idan aikin ya cika da irin waɗannan gyare-gyare, ƙarfin katin aka auna, ba na mai matsewar ba.

Gwaji na adalci yana buƙatar fayil ɗaya, manhaja ɗaya, tsari ɗaya (H.264 ko HEVC) da adadin bayanai ɗaya a kowace daƙiƙa. Sunayen saiti ba abin dogaro ba ne, domin kowane kamfani da ma'aunin "inganci" nasa. A jona laftof da wuta, a maimaita gwajin sau uku, don zafi na rage gudu.

Sannan a duba hoton, musamman wurin rawa da inda haske ya yi ƙaranci. Nan ne tabo ke fitowa. Ma'aunin VMAF na Netflix yana ba ingancin hoto maki har zuwa 100.