Manhaja Mai Buɗaɗɗen Tushe: Yadda Ake Cin Abinci da Abin da Aka Bayar Kyauta

Gabatarwa

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta aiwatar da wani aiki. Masana kan rubuta umarnin cikin wani harshe na musamman wanda ɗan Adam zai iya karantawa, wannan rubutu shi ake kira tushen manhaja. Daga nan sai a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke fahimta. Kamfanoni da yawa lambobin suke sayarwa, su ɓoye tushen. Saboda haka wanda ya saya ba shi da ikon gyara ko da ƙaramin kuskure. Manhaja mai buɗaɗɗen tushe kuwa ita ce wadda aka yarje wa kowa ya karanta tushenta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1983 wani masani a Amurka mai suna Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU, da nufin samar da manhajar da ba wanda zai ƙulle ta. A 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya gyara manhajar kuma ya raba ta, wajibi ne ya ba da tushen gyaran nasa. A 1991 kuma wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, wato Linus Torvalds, ya rubuta Linux, wadda ita ce zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ya sanya ta ƙarƙashin GPL a 1992, masana daga ƙasashe daban-daban suka sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau wayoyin Android a kan Linux aka gina su.

Ina Riba Take?

Tambayar da ɗalibi zai yi ita ce: in kowa na iya ɗauka kyauta, da me marubucin zai ci abinci? Misalin rijiyar unguwa zai taimaka. Ruwan na kowa ne, amma ɗan garuwa yana samun kuɗi, domin wahalar ja da dako ake biya. Haka abin yake a nan, ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce sayar da hidima. Kamfanin Cygnus, wanda aka kafa a 1989, ya rayu ne ta hanyar gyara manhajojin GNU da daidaita su ga buƙatun masu biya. Kamfanin Red Hat ya faɗaɗa wannan dabara. Bankuna da ma'aikatu kan biya shi kuɗin shekara domin ya gwada manhajar, ya toshe ɓaraka, ya kuma amsa kira idan matsala ta taso. A 2012 kuɗin shigarsa na shekara ya haura dala biliyan 1, a 2019 kuma kamfanin IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34.

Ta biyu ita ce haya. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, kyauta ce, amma kamfanoni na karɓar kuɗi su ajiye wa mutum shafinsa na intanet a kan na'urorinsu, su kula da shi.

Ta uku ita ce albashi. Manyan kamfanonin da suka dogara da Linux kan ɗauki masana aiki domin su ci gaba da inganta ta. Matashin da ya yi gyara mai kyau a irin wannan manhaja, aikinsa na nan a fili, kuma sau da yawa shi ne shaidarsa wajen neman aiki.

Matsalar da ta Rage

Ɗan garuwa na samu, to amma wa zai yashe rijiyar? A 2014 aka gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin saƙonni a ɗimbin shafukan intanet. Ta wannan ɓaraka ɓarawo na iya kwashe kalmomin sirri na jama'a. Sai a lokacin duniya ta lura cewa 'yan mutane ƙalilan ne ke kula da manhajar, kuma gudummawar da suke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Bayan haka ne manyan kamfanoni suka haɗa asusun tallafi.

Kammalawa

Darasin da ke nan shi ne, a wannan fage gwaninta da amana ake sayarwa. Ɗalibin da ya samu kwamfuta, ko da tsohuwa ce, yana iya saka mata Linux ya karanta tushen da ƙwararru suka rubuta, ba tare da ya biya ko kwabo na lasisi ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin tushen manhaja da lambobin da na'ura ke fahimta?
2. Wane sharaɗi lasisin GPL ya gindaya?
3. A tattauna a aji: wa ya kamata ya biya masu kula da manhajar da kowa ke amfani da ita?