Bikin Furim: Rawar Ɓad-da-kama Domin Sadaka

Gabatarwa

Masana sun ce harshe da al'ada Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wannan ɗan nazari zai dubi wani bikin Yahudawa da yadda mazauna ƙananan garuruwan Amurka suka mayar da shi hanyar tara kuɗin taimako a ƙarni na 19. Sunan bikin da harafin "p" yake farawa, amma da yake Hausa ba ta da wannan sauti, a nan an rubuta shi Furim.

Asalin Bikin

Labarin yana cikin Littafin Esta. Wani wazirin sarkin Farisa mai suna Haman ya ƙulla makircin hallaka Yahudawa, har ya jefa ƙuri'a don zaɓen ranar. Sarauniya Esta da ɗan'uwanta Mordekai suka tona shi, al'ummarsu ta tsira. Kalmar "fur" tana nufin ƙuri'a, "-im" kuwa ɗafin jam'i ne a Ibrananci. Ana bikin ran 14 ga watan Adar, wanda kan faɗo a Fabrairu ko Maris. Cikin wajiban ranar akwai aika wa abokai abinci da kyauta ga matalauta. Sa tufafin ɓad-da-kama daga baya ya shigo, an kuma san shi wajen Yahudawan Italiya tun wajejen ƙarni na 15.

Daga Birni Zuwa Ƙaramin Gari

A 1862 wasu samari, ciki har da Myer Isaacs, suka kafa Ƙungiyar Furim a New York. Sukan shirya gagarumar rawa, a sayar da tikiti, a zo fuska a rufe, abin da aka samu kuma a raba wa asibiti da gidan marayu. Ƙungiyar ta kai har 1902.

Ƙananan garuruwa suka ɗauka. Misali shi ne Leadville a Jihar Kolorado, garin masu haƙar azurfa da ke kan tsauni fiye da mita 3,000. Yahudawan garin sun samu maƙabarta a 1880, suka gina ɗakin ibada a 1884 a filin da attajiri Horace Tabor ya ba su. A waɗannan shekaru rawar Furim ta zama abin da gari ke jira.

Me ya sa ta karɓu? Na farko, a lokacin babu tallafin gwamnati da za a dogara da shi. Jinyar mara lafiya, jana'izar baƙo da ciyar da marayu duk a wuyan ƙungiyoyin taimako suke. Na biyu, Yahudawan 'yan tsiraru ne, aljihunsu kaɗai ba zai isa ba, sai suka buɗe ƙofa ga maƙwabta Kirista. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Na uku, rawar ta saya musu mutunci a idon gari. Da darajar azurfa ta faɗi a 1893, jama'ar Leadville suka riƙa watsewa, al'ummar Yahudawan ma ta yi ta raguwa.

Darasi Ga Ɗalibin Harshe

Yahudawa na kiran wannan taimako "tsedaka". Mu kuma muna cewa sadaka, wadda muka aro daga Larabci. Kalmomin biyu saiwarsu ɗaya, domin Larabci da Ibrananci 'yan gida ɗaya ne. Sai dai a Ibrananci ma'anar ta fi karkata ga adalci, wato haƙƙi ne da ake sauke wa, ba ganin dama ba. Wannan ya sa ba a raba shagalin Furim da rabon matalauta.

Kammalawa

Mun ga yadda wajibin addini ya zama taron gari baki ɗaya. Ɗalibi ya lura, kalmomi biyu kan fito daga saiwa ɗaya amma nauyinsu ya bambanta. Aikin gida: a kawo kalmomin aro biyar daga Larabci waɗanda ma'anarsu ta sauya a bakin Bahaushe.