DARASIN SANA'A: CANJIN GASKET A TSOHON INJIN JIRGIN RUWA

An gina dam ɗin Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tun daga lokacin mutanen ƙasar Rano da kewaye suka sami sana'ar kamun kifi da ta fito. Wasu da filafili suke tuƙi, wasu kuma suna ɗaura inji a bayan kwalekwale, kamar ƙirar Yamaha. Idan irin wannan inji ya tsufa, ɗaya daga cikin cututtukansa ita ce ƙonewar gasket.

Gasket wani faifai ne mai ramuka, wanda ake sakawa tsakanin jikin inji da murfin kansa, wato inda ake ɗaura fulogi. Aikinsa raba wuta da ruwa. A ciki fetur yana ci da wuta yana tura fistan. A gefe kuma ruwan dam yana zagayawa yana sanyaya inji. Idan gasket ya ƙone, sai ruwa ya shiga gidan wuta, ƙarfin inji kuma ya riƙa zurarewa.

Mai jirgi zai ga alamu. Inji zai yi wuyar tashi, ya rage gudu, ya riƙa shaƙewa. Idan aka kwance fulogi, za a ga ɗigon ruwa ko tsatsa a bakinsa, ko kuma a ga ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi. Wanda ya ga haka kada ya ce bari kasuwa ta wuce. Ruwan yana gangarawa can ciki, ya sa ƙarafan da ke juyawa su yi tsatsa. Gyaran kuɗi kaɗan sai ya koma sayen wani inji. Mutuwar inji a tsakiyar Tiga kuwa, ga iska ta taso, ga mutane da kaya, ba abin wasa ba ne.

Kafin a taɓa sifana, sai a duba jikin inji wajen da ake maƙala shi a jirgi. Akwai ɗan ƙarfe mai lambobi da haruffa. A kwafe su a takarda daidai yadda suke, a tafi da ita wurin masu sayar da kayan inji a Kano. Ga amfanin ajin yaƙi da jahilci nan. Mai cewa "a ba ni irin na injina" da baki kawai yakan dawo da abin da bai hau ba.

Sai inji ya huce sarai ake kwance shi. A cire wayoyin fulogi. A sassauta kusoshin murfi kaɗan-kaɗan, daga na gefe zuwa na tsakiya. A nan ake son haƙuri. Kusoshin na ƙarfe ne, jikin inji kuwa alminiyam ne, shekaru kan sa su manne da juna. Kusar da ta ƙi motsi a ɗiga mata mai, a bar ta ta kwana. Wanda ya sa ƙarfi zai karya ta a ciki, ya jawo wa kansa aikin kwana da kwanaki. Yana da kyau a huda kwali, a soka kowace kusa a gurbinta, don kada su rikice.

Idan murfi ya fita, a kankare ragowar tsohon gasket da katako ko roba mai ƙarfi. Ban da sukudireba, ban da wuƙa, domin alminiyam yana da taushi, ƙarzanewa ɗaya ta isa ta ba ruwa hanya. A fitar da laka da yashin da suka taru a hanyoyin ruwa.

Daga nan sai a duba ko murfin ya lanƙwashe, domin zafi yakan karkatar da shi. A shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, a jiƙa ta, a riƙa goga fuskar murfin ana zagayawa kamar mai rubuta lamba 8. Inda bai goge ba, nan ne kwari. Idan kaɗan ne, gugar za ta daidaita shi. Idan ya yi yawa, sai a kai wa masu injin gyaran ƙarfe.

Ba a mayar da tsohon gasket, ko da ido ya ga kamar lafiyarsa lau. Ya riga ya matse, ba zai sāke kamawa ba. Masu yanka kwali su shafa gam su ce sun yi gasket, ɓata lokaci suke yi, wuta za ta cinye shi nan da nan.

Wajen ɗaurewa, daga tsakiya ake farawa a yi waje, ana tsallakawa gefe da gefe. Ba a ƙare kusa ɗaya sannan a koma wata. Zagaye biyu ko uku ake yi, ana ƙara matsewa a hankali. Wasu injuna an rubuta lambobi 1, 2, 3 kusa da ramukan, sai a bi su. Akwai sifana mai awo wadda ke nuna iyakar ɗauri. Idan mai jirgi ba shi da ita, gara ya nemi bakaniken da ke da ita.

Saura babban abu, wanda mutane suka fi mantawa. Yawanci zafi ne ke ƙona gasket. Wanda ya sa sabo bai nemi dalilin zafin ba, zai sāke saye. A ƙasan inji, sama da farfela, akwai ƙananan ƙofofi da ruwa ke shiga. Leda, ciyawa da tsohuwar koma suna toshe su. A ciki kuma akwai 'yar fanka ta roba mai tura ruwa sama. Yashi yana cinye ta, tsufa yana sa ta karye. Tayar da inji a tudu ba ruwa yana lalata ta cikin ƙasa da minti ɗaya. A duba ta, in ta gaji a canza.

Manoman rani na Kibiya masu injin ban ruwa su ma injinsu yana da gasket. Galibi iska ce ke sanyaya shi, don haka ƙura da bakin mai da suka toshe haƙarƙarinsa su ne ke kawo zafi. Dokar ɗauri dai ɗaya ce.

Bayan an haɗa injin jirgi, a gwada shi kusa da gaɓa. A tabbata ruwa yana tsartuwa ta baya da ƙarfi. Idan ya yi aiki ya huce, a sāke bin kusoshin da sifana, sannan a ɗauki fasinja.